Wanzamin da Munka Kai Indiya

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. A masallaci, a tasha, a majalisarmu ta bakin kasuwar Tambuwal, tambayar ke nan: "Arzika, yaya Indiya? Da gaske shanu ke da titi? Ka ga 'yan rawa?" Kowa abin dariya yake nema. To yau zan faɗa gaba ɗaya, tun daga fita har komowa, wanda ya ji haushi ya tuna shi ya tambaya. Ba yawon buɗe ido na je ba. Wana na kai asibiti, Yaya Ummaru wanzami. Rabinku 'yan Kebbe ne da aiki ya jawo Tambuwal kamar yadda aikin malamin gona ya jawo ni, kuma da yawanku shi ya yi muku kaciya, don haka kada wani ya yi mini fuskar bai san shi ba.

Ciwon ya fara da haki. Mutumin da ke taka sayyada daga wannan ruga zuwa waccan yana ƙaho, sai ga shi daga ɗaki zuwa zaure sai ya dafa bango. A Sakkwato likitoci sunka ce hanyar jinin zuciya ce ta toshe, aikin kuma ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsu. Lokacin kuɗin mai na zuba, gwamnati ba ta san talauci ba, sai wani babba ɗan ƙasarmu, wanda Yaya ya yi wa 'ya'yansa aski da kaciya, ya ce a kai shi Indiya. Allah ya saka masa, ban da abin faɗa a kansa. Kujera uku anka ba mu: Yaya, da ni don ina jin Turanci, da Malam Haliru limamin unguwarmu, wan Ige matar Yaya, wanda za a duba wa gwiwa, ya kuma zama babban tafiya.

Sai na tsaya kan Malam Haliru kaɗan, don in ba ku san shi ba labarin ba zai shiga ba. A unguwarmu mata ba su fara kuka sai Malam ya shiga ɗaki, ya taɓa ƙafar majinyaci, ya fito ya ce an cika. Tun ina yaro haka na taras. Shi ke rufe ido, shi ke wanka, shi ke salla. Ba a taɓa jin ya ce an cika ba a cika ba. Mutum ne mai tsoron Allah, ba mugu ba, ku riƙe wannan, don abin da ya biyo baya ba mugunta ta kawo shi ba.

Hanyar Kebbe kuwa kun san ta, ba sai na ɓata bakina ba. Ƙarshen damina ne, munka shimfiɗa wa Yaya katifa a bayan a-kori-kura, amma kwanciya ba ta yiwuwa, sai zaune, yana jan numfashi kamar mai hawan dutse. Motar ta kafe a wani kwazazzabo kafin mu fito kwalta, sai da 'yan babura sunka taru sunka tura. Duk wannan girgiza zabirarsa na rungume a ƙirji, jakar fatar nan da ya gada daga mahaifinmu. Tun a gida Ige ta ce ya bar ta.

"Asibiti za ka, ba gidan suna ba," in ji ta.

Ya ce, "Wanzami babu zabira ai tsirara yake. So kike in shiga ƙasar mutane tsirara?"

Zabirar nan ta kusa hana mu tafiya. A filin jirgi na Abuja ta bi ta cikin na'urar da ke leƙa kaya, sai na ga ma'aikaciyar ta miƙe tsaye. Ta zazzage ta kan tebur: askake, dutsen wasa aska, ƙahonni, har da 'yar askar cire hakin wuya. Jama'a sunka ja da baya. Ta ɗaga babbar askar da yatsu biyu ta ce, "Baba, a sama za ka yi yanka?" Na yi Turanci, na yi Hausa, na tuɓe hula na nuna mata kaina. Da ƙyar ta yarda a cusa zabirar cikin babban akwati a tura ƙarƙashin jirgi. Daga nan har ƙasar Habasha inda munka sauya jirgi, har munka sauka, Yaya bai runtsa ba. Ba zuciyar ke damunsa ba, tambayarsa ɗaya, wa ke gadin akwati.

A Habasha Malam ya sha fama da famfon da ba shi da marfi, sai ka miƙa hannu ya zubo, ka janye ya ɗauke. Ga shi ba buta. Ya fito da hannun riga sharkaf yana cewa wanda ya ƙera abin nan bai taɓa alwala ba. A Delhi kuma anka buɗe kayanmu. Kilishin da munka yo guzuri anka kwashe tas. Jami'in ya kwance ƙullin daddawa, ya kai hanci, ya yi baya har ya ture kujera. Ita ma ta tafi. Askake kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

Masaukinmu ɗaki ne guda a wani lungu kusa da asibitin, lungun da babu kowa cikinsa sai 'yan jinya daga ƙasashe, Larabawa, baƙar fata, da wasu masu jan gemu da ban san ƙasarsu ba. Mai gidan tsohuwa ce 'yar firit mai jan ɗigo a goshi. Sharaɗinta ɗaya, kada nama ya shiga tukunyarta. Kullum gurasa da miyar wake, yau ja, gobe rawaya, jibi kore, duk wake ne, da kayan ƙamshin da ke hawa kai. Mu da munka saba da tuwon dawa da fura, cikin mako guda wandona ya fara zamewa. Amma matar nan kowace safiya sai ta kawo wa Yaya madara mai ɗumi, ta tsaya sai ya shanye, ba ta taɓa sa ta a lissafi ba.

Shanun da kuke ta tambaya, i, suna nan. Saniya kwance tsakiyar titi, motoci na kewaye ta, ba makiyayi, ba mai tsawa, tana tauna leda. Haƙarƙari duk a waje. Sun ce girmama ta suke yi. Ni malamin gona ne, abin bai ba ni dariya ba. Da Bafillacen Kebbe zai ga irin girman nan, kuka zai yi.

Abin da ya faranta wa Yaya rai a ƙasar nan ɗaya ne. A bakin lungunmu akwai wanzami, madubinsa kafe jikin itace, kujera ɗaya. Yaya ya ja jiki ya zauna kusa da shi. Ba mai jin yaren wani, amma kafin la'asar sun yi musayar askake, kowa ya gwada ta ɗan'uwansa a gashin hannu yana kaɗa kai. Ranar anka kawo wani saurayi ido jawur anka yi masa ƙwal-kwabo. Mai gidanmu ta ce mini ubansa ne ya mutu, haka al'adarsu take. Da na fassara wa Yaya sai ya yi murmushi.

"Mu ranar suna, su ranar mutuwa. Ka gani, Arzika, ko ta ina anka bi, wanzami ba shi kwana da yunwa."

Ya faɗe ta da gaba gaɗi, ni ma na yi dariya.

Likitan da anka haɗa mu da shi gajere ne, da gemu har ƙirji da rawani naɗe tsaf. Malam na ganinsa ya miƙe ya yi masa cikakkiyar sallama, ya ɗauka shehi ne. Likita ya amsa da fara'a, sannan ya gaya mini shi ba Musulmi ba ne, a addininsu ne ba a taɓa gashi da aska tun daga haihuwa har kabari. Na gaya wa Yaya. Ya daɗe yana kallon gemun nan, sannan ya ce, "To Allah ya tsare Kebbe da wagga ƙabila." Likita ya nemi fassara, na yi masa, ya yi dariya har ya dafa tebur. Daga ranar sunka ƙulla abota.

Anka kwantar da Yaya, anka ce kashegari za a zura wata siririyar waya ta jijiya a buɗe inda ya toshe. Wata nas ta zo da rezar roba za ta aske masa ƙirji don a liƙa wayoyin da ke nuna bugun zuciya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Ya bi hannunta da harara, yana ce mini in gaya mata ta saɓa wa kwanciyar gashi, kuma ba ta jiƙa wurin ba. Ban fassara ba.

Bayan azahar ne. Ina ɓare masa lemo, Malam na kan kujera da carbi. Yaya ya ce, "Arzika, ɗakin ga ya yi duhu," sai kansa ya langaɓe. Na'urar da ke kansa ta ɗauki ƙara. Malam ya tashi da natsuwarsa ta kullum, ya matsa kunnensa yana laƙƙana masa kalmar shahada, ya kai hannu ya shafe idanun. Bai janye hannun ba sai ga ma'aikatan asibiti sun shigo a guje. Wata nas, yarinya sa'ar jikarsa, ta sa kafaɗa ta ture liman gefe kamar buhu, ta haye gado ta dasa hannu biyu a ƙirjin Yaya tana dannawa da dukan ƙarfinta. Na ji wani abu ya yi ƙas. Malam ya ce, "Subhanallahi! Gawa kuka yi wa haka?" Ya zagaya ya kama ƙafar Yaya, ya riƙe, ya saki. Ya dube ni ya ce, "An cika, Arzika. Sai haƙuri." Ya fita.

Ni ban bi shi ba. Na lafe a kusurwa, ba wanda ya kore ni. Likita mai rawani ya shigo, anka zura wa Yaya bututu a maƙogwaro ana hura iska. Sai na ga an goge goshinsa an liƙa filasta biyu, dama da hagu, kowace da waya zuwa wani ɗan akwati mai nuna lamba. Wata babbar nas ta lura da ni, ta zo ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ni, tana yi mini bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Ta ce zuciya ta tsaya, dannawar nan ita ke tura jini a madadinta. Abin tsoro shi ne kai, don ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iskar oksijin da jini ke kai mata. Filastar nan haske take aikawa ta cikin goshi, tana auna ko iskar na isa. In lamba na ƙasa ta ƙi motsi, ko zuciya ta tashi, mutumin da kunka sani ba lalle ya dawo ba. In tana hawa, akwai saura.

Nan na gane, don aikina ne. Injin ban-ruwa na iya ruri a bakin fadama, amma mai gona ƙarshen kwami, can wurin shuka ta ƙarshe, yake zuwa ya duba ko ruwa ya kai.

Lambar tana ashirin da 'yan kai. Ban taɓa kallon wani abu a duniya kamar yadda na kalli ɗan akwatin nan ba. Likita ma shi yake kallo. Da mai dannawa ya fara gajiya lamba sai ta zame, likita ya daka tsawa, wani ya karɓa, sai ta ɗan ɗaga. Sunka ɗora masa wasu faifai biyu a ƙirji, kowa ya janye hannu, lantarki ya fizge shi sama. Shiru. Sunka koma dannawa. Anka sake, shiru. Zufa ta jiƙe rigunansu. Can wani ƙaramin likita ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, ya faɗi wata magana ƙasa-ƙasa. Ko ban ji ba na san mi yake nufi, na sha ganin wannan kallon wurin mahauta. Mai rawani bai ko dube shi ba, ya nuna akwatin da yatsa. Ta haura talatin. Ya ce, "Kansa na nan da rai. Ba mu tashi ba."

Wallahi ban san addu'ar da na yi ba. Na san dai ina ce wa lamba "hau, hau," kamar mai kora jaki a tudu. Ta doshi arba'in. Anka sake ba shi lantarki. Sai lambar ta yi tsalle ɗaya ta wuce hamsin, likita ya sa yatsu a wuyan Yaya, ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Na'urar bugun zuciya ta koma ƙararta ta ɗaya-ɗaya. Nas ɗin da ke gefena ta matse mini hannu, ta koma bakin aikinta.

Na fito baranda na taras da Malam zaune, waya a cinya.

"Malam, ta tashi! Zuciyar ta tashi!"

Ya dube ni da tausayi. "Zauna, Arzika. Na riga na sanar da gida."

Ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa: an cika, a gaya wa dangi da wuri, kada su ji a bakin duniya. Magana kuwa zarar bunu ce. Na ja shi ya zo ya gani, amma sun riga sun wuce da Yaya, sun buɗe hanyar jinin, sun kai shi ɗakin da ba a shiga sai da izini. Da anka bar mu munka shiga da yamma, sai ga shi an naɗe shi da wani bargo mai ruwan sanyi a ciki. Likita ya ce da gangan suke sanyaya jikin, don ƙwaƙwalwa ta huta ta warke, kuma ba zai yi mini alkawari ba sai Yaya ya farka. Filastar nan biyu na nan a goshi. Malam ya kama ƙafa, ya ji ta sanyi ƙalau, ya dubi injin da ke ɗaga ƙirjin yana saukewa. Da munka fito ya ce mini:

"Na taɓa ƙafa irin wagga ta fi a ƙirga. Inji na ka hura shi. Kada ka sa mata kuka sau biyu."

Ban bi maganarsa ba. Na karɓi waya na kira Sahabi, babban ɗan Yaya. Ina jin koke-koke a bayansa. Na ce ubanka na da rai, ka gaya wa Ige, ka tsayar da mutane. Ya ce, "Baffa, mun san kana son shi. Amma Malam yac ce an cika." Na yi rantsuwa, na yi faɗa, na yi zancen lamba. Ya ce, "Allah ya ba mu haƙuri, Baffa." Wai ni yake yi wa ta'aziyya! Na kira wasu biyu, duk kanwar ja ce. Malamin gona da lambarsa a gefe guda, liman a gefe guda, wa kuke jin za a ɗauka? Anka kai sanarwa gidan rediyo. Ige ta shiga takaba. Anka yi sadakar uku, anka ci waina, mijinta na kwance da rai, ni ina zaune bakin ƙofa ina leƙen lamba ta gilashi.

Bayan sun ɗumama jikin sun janye maganin barci, ya buɗe ido. Da anka cire bututun, muryar kamar ta tsohon zakara, abin da ya fara cewa shi ne, "Ina zabirata?" Na ce tana nan. Likita ya sa ni in yi ta yi masa tambayoyi. Sunan garinsu, sunan matarsa, 'ya'yansa. Yaya ya jero su, ya zarce da jikoki, ya ƙara da wanda anka cire wa hakin wuya da wanda ba a cire wa ba. Ya ce abin da ya sani na ƙarshe lemo ne, kuma ban ba shi ba.

Kafin a sallame mu likita ya ce yana son ya ga hannun Yaya a bakin aiki. Na kawo zabira. Yaya ya zaunar da ni kan kujerar ɗakin, ya jiƙa mini kai, ya wasa aska, ga haƙarƙari biyu a karye, ya sauke mini suma tas, nas-nas sun cika ƙofa suna kallo. Likita ya shafa kaina da tafinsa yana neman ƙwarzane, bai samu ba. Yaya ya nuna gemun likita da aska ya ce in gaya masa kyauta ne. Likita ya kama gemu da hannu biyu ya yi baya yana dariya. Sannan ya daina dariya ya ce mini ba kowa ke dawowa haka ba, mu riƙe shi da kyau.

Malam ya yi murna, ba zan yi masa ƙarya ba, har hawaye ya yi. Amma abin da ya faɗa a waya da ya kira gida ya ce Yaya ya farka, shi ya maimaita a jirgi, shi ya maimaita a Kebbe: "Allah mai iko. Ni dai abin da hannuna ya taɓa, mutuwa ce." Ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba, kuma na tabbata har zuciyarsa bai ga kuskuren ba.

Ranar da munka isa Kebbe unguwa ta cika maƙil. Na ɗauka tarba ce. Ashe kallo ne. Mutane na miƙa hannu suna janyewa da wuri, yara na leƙe ta bayan zana, in ya juyo su watse. Ige ta fito da ido kumbure, ta rasa ko ta gaishe shi ko ta gudu. Na ga abin zai lalace, sai na tsaya a zaure na yi bayani tiryan-tiryan: bai mutu ba, zuciya ce ta tsaya, an auna iskar da ke shiga ƙwaƙwalwarsa, ta yi ƙasa, ta hau, ga shi garau. Kowa na gyaɗa kai. Kafin magariba labari ya zaga gari cewa ƙanensa da bakinsa ya ce iska ta yanke wa kan Ummaru. Kashegari an ce ya taɓu. Garin ya rabu biyu, masu cewa ya mutu ya dawo, da masu cewa bai mutu ba amma kan ba daidai yake ba. Duka ɓangarorin sun haɗu a abu ɗaya, ba mai miƙa wuyansa ga askarsa.

Ya warke, ya yi ƙiba, yana taka ƙasa har ruga ba haki. Ranar kasuwa ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogon-yaron da ya saba, ya jera askake. Mutanen da ya yi shekaru yana riƙe da kawunansu sai su gaishe shi daga nesa, "Ummaru, ya ƙarfin jiki?" su wuce wurin yaran da ke aski da inji. Wani ya ce mura yake yi. Wani ya ce ya yi bakance zai tara suma. Malam Haliru, da kowace Juma'a Yaya ke yi masa aski tun kafin a haifi Sahabi, ya koma wurin wani. Ni kaɗai ke hawa babur daga Tambuwal in bi hanyar nan in kai masa kai.

Ana nan matar Sahabi ta haihu, namiji. Na je suna. Kwana biyu kafin nan Yaya ya yi mini aski, kaina sumul. Tun da anka fito sallar asuba ya zauna a zaure da zabira, ya wasa 'yar askar jarirai, wadda da ita anka yi wa Sahabi nasa askin, ya ajiye ruwan ɗumi a kwano. Malam ya raɗa suna, anka shafa fatiha, anka raba goro. Sai ga wata tsohuwa ta fito da jariri a zane. Yaya ya gyara zama ya buɗe hannu. Ta wuce shi. Ta miƙa wa wani baƙon wanzami da anka ɗauko daga Dogon Daji, yana zaune bayan ƙofa tun ɗazu ba mu lura ba. Sahabi ya sunkuyar da kai yana wasa da goro. Hannun Yaya na nan a buɗe.

Na yunƙura zan yi magana, kuma da na yi ta da ba a ƙare sunan nan lafiya ba. Yaya ya riga ni.

"Arzika, taho in rage maka suma."

Kowa ya dubi kaina. Na tuɓe hula na je na durƙusa gabansa. Ya jiƙa mini kai da ruwan da ya ɗumama wa jikansa, ya bi fatar da babu komai a kanta da 'yar askar nan, daga goshi har ƙeya, a hankali, hannu ko gezau. Can bayan ƙofa jariri ya tsala kuka. Askar ta tsaya kaɗan, ta ci gaba. Ya sunkuyo kamar mai duba bayan kunne, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"Can, wanda ko salla ba shi yi, sai da ya liƙa mini abu ga goshi ya duba ko da saura. Nan ko mai tambayata babu."

Ya goge aska a tafin hannu, ya naɗe, ya mayar cikin zabira.

To kun ji Indiya. Shanu na nan, wake na nan, 'yan rawa ban gan su ba. Wanda labarin bai ishe shi ba, mai labarin na Kebbe ranar kasuwa, ƙarƙashin dogon-yaro, tabarmarsa ba layi. Ya tuɓe hula ya zauna, ya tambaye shi da kansa.